Akushin Alkaki Ya Dawo da Ƙullinsa

Malam mai filin shawara,

Don Allah ka taimake ni, na rasa wanda zan faɗa wa wagga magana. Ƙanena Halliru, da ya yi boko, shi ke karanta mini jaridarku, shi ke rubuta wanga. Na ce mishi ya sa yadda na faɗa, kada ya gyara.

Ni gwauruwa ce a Illela, mijina ya rasu ya bar ni da ɗiya guda, Lubabatu. Alkaki nike yi. Ba yabon kai ba, har daga Ƙonni, can ƙetaren iyaka ƙasar Faransa, aikowa ake in an tashi biki. Kowace Sallah nikan cika akusa in rarraba, na farko kuwa gidan ƙawata Ramatu yake zuwa, don tun muna 'yan mata muka ƙulla ƙawance. Ka san akushi ba ya dawowa fanko. Sai an ci, an wanke, an sa goro ko ɗan nama na tukuici.

Babbar Sallar bara autanta Dabo ya ci alkakina, har ya lashe zumar da ke gindin akushi, ina mishi tsiya. Ba a jima ba zazzaɓi ya kama shi, wuyansa ya ƙage, yana ta sambatu. Cikin sambatun an ce ya kira sunana, Inna mai alkaki. Yaro ne, Malam, mi zai kira in ba abin da yake so ba? Allah ya karɓi abinsa. Ni na kama Ramatu da ta faɗi, ni na yi ta dafa wa masu gaisuwa.

To, Sallar azumin ga na aika mata kamar kullum. Akushina ya dawo da nauyinsa. Faifan na rufe, ƙullin da na yi wa ƙyallen da hannuna yana nan ba a kwance ba, ga goro bisa. Tukuicin abin da ba a ci ba! Na wani gida kuma bayan danga aka zubar, na ga matar gidan tana korar kajinta kada su tsattsaga. Yanzu in na bi hanyar rijiya sai mata su ja mayafi su rufe goyonsu. Ba wanda ya faɗi kalmar a gabana, amma na san ta. Mayya suke nufi.

Abin da ya fi cina, gidan masu neman Lubabatu. Da tuwo suke aiko mini cikin kwanonsu, in mayar da alkaki. Bana sai suka aiko da sukarin kanti a takarda, ba kwano, don kada in sami abin da zan zuba musu. Kuma ka san an ce maita a nono ake shanta. Yarinyar ta bar cin abinci, ni ko tsoro nike ji, wallahi tsoro.

Halliru ya ce Babbar Sallar ga in bar tuya, ya sayo mini biskit na gwangwani a kantin Ƙonni, rufaffe, wanda hannuna bai taɓa ba, in rarraba. Zuciyata ba ta kwanta ba. In yi haka, ko mi zan yi?

Mai Alkaki, Illela

Amsa

Baiwar Allah, Allah ya jiƙan Dabo, ya sanyaya miki. Zazzaɓi da ƙagewar wuya da sambatu alamun sanƙarau ne, ciwon da yake ɗibar yara idan zafi ya kama, a gidan da aka ci alkaki da gidan da ba a ci ba. Hannunki bai kashe kowa ba.

Halliru don ƙaunarki ya faɗa, kuma kyautar kanti ba abin kunya ba ce, mutane da yawa suna yi yanzu ana kuwa jin daɗi. Amma ke bana kada ki yi. Ranar da mai alkaki ta aika da gwangwani, ta gaya wa gari da bakinta cewa hannunta abin gudu ne. Za su ci biskit ɗin, su ce ai ga shi ita ma ta sani.

Ramatu kuma ki yi mata uzuri. Uwa ce da ta ji ɗanta yana kiran sunan wata a bakin mutuwa, ga masu zuga a kunnenta. Duk da haka ba ta zubar miki a bayan danga ba, ta kuma ɗora goro. Tsoro ne ya hana ta kwance ƙullin, ba ta yanke ki ba tukuna.

Ga shawarata. Halliru ya je wurin liman ya faɗa masa komai, kalmar nan ma ya faɗe ta sarai, domin ja wa musulma wannan suna zalunci ne, alƙali ma yana sauraron ƙara a kansa. Sannan kafin Sallah ki tafi gidan Ramatu da ƙafarki, hannu sake. Ki roƙe ta ku soya alkakin bana tare, da alkamarta da zumarta, a murhunta, maƙwabta suna gani. Idan ta ci loma ɗaya a gabansu, sauran gidajen za su ci, kwanon surukanki ma zai dawo.

Idan ta ƙi, kada ki tsaya jayayya da gari. Ki ɗauki Lubabatu ku koma wurin dangi, duk garin da kike da su, har ƙura ta lafa. Kada ki yi jinkiri. Zafi yana tafe bayan Sallah, ciwon nan yakan dawo tare da shi, kuma yaron da zai fara kwantawa a unguwarku, ƙofarki za a nufa.

Allah ya tsare ki da ɗiyarki, ya sa akushinki ya dawo a wanke.