Finjalin da Iliasu Ya Cika

Doha, 4 ga Maris, 2006

Zuwa ga uwargidana Basiratu,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikin Inna, yaya yara da karatu? Ni dai lafiya, sai kewar tuwonki.

Ƙaninki Iliasu ya zama gwani. Wata uku kacal da na samo masa aikin wanke motoci a gidan kafil ɗina, wato Maigidan da ya ɗauki nauyin bizata, ga shi yau a ɗakinmu na unguwar Old Airport yana markaɗa gahawa da dabino da madara da citta, ya zuba ƙanƙara. Na karanta littattafai da dama, ban ga inda aka yi wa gahawa wannan wulaƙanci ba. Abin haushin, akwai daɗi.

Ya kai wa Maigida ya ɗanɗana. Yanzu Maigida ya ce ranar Juma'a Iliasu ne zai zuba wa baƙi gahawa a majalisa, wato zauren baƙinsa, in ya iya ya riƙe aikin. Shekara goma sha ɗaya butar gahawar nan tana hannuna, Basiratu. An ce wai hannuna ya fara rawa.

Ya roƙe ni in koya masa ladabin zubawa. Zan koya masa, ai ɗan'uwa ne.

Naki,
Surajo

Doha, 13 ga Maris, 2006

Basiratu tawa,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Ki daure, labarin ba daɗi.

A nan, ɗan kaɗan ake zuba wa baƙo a gindin finjali. Cika masa shi kamar ka ce ya shanye ya bar gidan ne. Na koya wa Iliasu riƙe buta da hagu, miƙawa da dama, har da tsayuwa. Maganar cikawar nan kaɗai ce ban faɗa ba. Ya tambaye ni ko ya cika, na ce ya yi yadda Inna ta tarbiyyantar da shi.

Ya cika wa surukin Maigida fal, yana murmushi, har ya ce ya sha kar ya ji kunya. Tsohon ya ajiye finjali ya nemi takalminsa. An soke bizar Iliasu shekaranjiya.

Da yake haɗa kaya ya rungume ni yana kuka, wai ni kaɗai na riƙe shi da amana a garin nan. Na ba shi tsohon agogona.

Zai sauka Kano ranar Laraba, ki sa a tarbo shi. Maigida kuma yana ta tambayar haɗin nan mai sanyi, na gwada sau biyu bai yi ba. In ya ɗan huce, ki tambayar mini shi dabino nawa yake sawa.

Mijinki mai ƙaunarki,
Surajo