Zanen da Na Goge

Whalley Range, Manchester
Asabar

Yaya Radiyya,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya asibiti, ya su Umair? Na rubuto ne don idan na kira ki a waya bakina ba zai iya faɗa ba.

Kin san gidan gonar da muke gyarawa a ƙauye. Shekararsa ɗari huɗu, kuma babu ƙusar ƙarfe ko ɗaya a ƙashinsa. Gungumen itacen oak ne, a fafe rami a jikin wannan, a sassaƙa kan wancan ya shige, a buga ƙusar katako. Tsakaninsu a cike da saƙar tsumagu da yaɓen laka, kamar rumbun Kaka. Mun kwance bangon kicin don gindinsa ya ruɓe. Celestina, shugabar wurin aikin, ta ce in tsabtace gungume shida. Ni da na koyi kafinta a Kurna, tsabta a wurina sanfefa ce. Na goge su sumul.

Jiya nake kallon wani bangon, sai na ga ƙananan zane a kowace mahaɗa, layi biyu nan, layi biyu a abokinsa. Ashe lambar magina ce, ita ke nuna wa zai shiga wa. Yaya, na goge su duka. Litinin za a mayar da bangon, kuma watan gwajina bai cika ba. Na kasa zama, sau uku ina zagaya unguwa yau. Ina tunanin in yi shiru in zana wasu.

Ƙaninki,
Bara'u

Sparkhill, Birmingham
Talata

Bara'u sarkin sanfefa,

Wa alaikumus salam, muna lafiya. Wasiƙarka sai yau ta iso, Litinin ta wuce, wayarka kuma a kashe. Me ka yi? In ka zana na ƙarya, ka je ka faɗa kafin a gano. Tsofaffin gidajen nan council, wato hukumar gari, na da hotonsu tun kafin a haife ka. Idan an kore ka a kan kuskure, zan nema maka wani wurin. A kan ƙarya kuwa ba ni da bakin roƙon kowa. Ka kunna wayar nan, don Allah.

Yayarka,
Radiyya

Whalley Range
Juma'a

Yaya,

Bayan gaisuwa, ki yi haƙuri, babu network a gonar. Ban zana komai ba. Na riƙe wuƙar da zan yi zanen dai, ba zan ɓoye miki ba, hannuna ne ya ƙi. Na faɗa wa Celestina ranar Litinin tun kafin ta sauko daga mota. Ta shafa gungumen, ta daɗe tana shafawa, sannan ta ce hannun mutumin da ya rasu shekara ɗari huɗu na goge. Da ta zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Ta ba ni kwana uku in jera su a ƙasa, in ban iya ba in tafi. Na durƙusa ina duba cikin ramukan, inda sanfefa ba ta kai ba. Wanda ya zauna kusa da murhu akwai kunkunniya a raminsa. Wanda ke gefen ruwan sama ya yi fari, ya tsattsage. Tun itacen yana ɗanye magina suka haɗa shi, ya bushe ya karkace tare da abokinsa, don haka ba ya karɓar baƙo. Biyar sun shiga. Na shida ya ƙi, har Prosper, abokin aikina, ya miƙo guduma ya ce in lallashe shi. Na ce a'a. Na je na ce mata wannan ban sani ba. Ta ce ta ji, ta tafi. Har yanzu ban san matsayina ba.

Ki sa ni a addu'a.
Bara'u

Whalley Range
Lahadi

Yaya, salam.

Celestina ta turo saƙo. Na shidan ita ma sai da ta kife shi sannan ya shiga, daga wani tsohon gida aka ciro shi tun asali. Ta rubuta wa council abin da ya faru, da sunana a ciki, zan sa hannu. Ta ce in zo aiki gobe ƙarfe bakwai. Ba ta gaishe ni ba tukuna.

A gaida yara.
Bara'u