'Yar Fari a Kan Sikeli

Dutse, 3 ga Sha'aban

Takarda daga hannun Zulaihatu zuwa ga ƙawata Indo a Kiyawa. Gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yaran nan naki biyu masu ɓarna. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Bayan haka, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ƙarasa karantawa, don na san ki da zabura. Kin san watana ya kama, kin kuma san an shirya in koma gidanmu na Yalwawa in haihu a ɗakin Inna, kamar yadda kowace 'ya ke yi a haihuwar fari. To, an fasa. Kano za a kai ni, asibitin Nasara.

Malam, maigidana, shi ne ya kafe. Tun da ƙanwarsa ta kwana uku a kan gwiwa bara, Allah ya karɓi abarsa, bai ƙara samun sukuni ba. Da ya ga ƙafafuna sun kumbura har takalmi ya ƙi shiga, sai ya ce ran da hakimi ya aike shi birni da takardu ya ga an ware wa mata ɗakinsu a asibiti, Baturiya ce ke duba su, namiji ba ya shiga. Baffa ya yi istihara ya ce a tafi. Inna kuwa ta yini tana daka geron da aka riga aka daka.

Goggo Adama, yayar Baffa, ita za ta raka ni, kuma ta riga ta fara huɗuba. 'Yar Fulani ba ta raki a naƙuda. Ba ta kallon ɗan fari a gaban mutane, ba ta ɗaukarsa, ba ta kama sunansa. Ta ce ko a gaban Razdan ne, babban Baturen mulki, haka za a yi, kada in kuskura in zubar mana da mutunci a garin mutane.

Gaskiya ina jin tsoro, Indo. Matan unguwa sun ce a can tsaga mutum ake yi a ɗinke shi kamar ƙwarya. Amma kuma gobe zan shiga motar gyaɗa, abin da ke ba ki taɓa yi ba, kuma wannan kaɗai ya ɗan sanyaya mini rai. Ki sa ni a addu'a. Ki gai da kowa.

Wassalam. Ƙawarki, Zulaihatu.

Kano, 19 ga Sha'aban

Zuwa ga Indo, gaisuwa da begen ganinki. Yaya gida, yaya yara? Ina fata ciwon haƙorin nan ya bar ki. Wani mai goro ɗan garinku ne zai kawo miki wannan. Ki karanta ke kaɗai, ki cusa ta ƙarƙashin tabarma, don akwai maganar da ko Inna ba zan iya yi wa ba.

Na sauka lafiya ran Asabar, mace ce. Ba a tsaga ni ba, ba a ɗinke ni ba, ki faɗa wa masu surutu.

Bari in ba ki labari tun daga farko. Ɗakinmu dogo ne, gadajen ƙarfe goma sha biyu a jere, ko'ina warin magani. Baturiyar ana ce mata Sista, amma mu Uwar Agogo muke kiranta, don ko tari ka yi sai ta duba agogon da ke maƙale a ƙirjinta. Akwai kuma Rabi'atu, Bakanuwa, wadda ke taya ta aiki tana yi mana tafinta.

Ran Asabar da hantsi abin ya taso mini ina ɗinkin faifai. Na cije, na ci gaba da ɗinkina. Goggo ta kalle ni ta gane, ta gyaɗa kai, ita ma ta yi shiru. Da azahar Uwar Agogo ta zagayo ta tambayi jikina, na ce lafiya lau, har da ɗan murmushi. Ta wuce. Rabi'atu ce ta tsaya, don ta ga basillar da ke hannuna ta lanƙwashe, gumi kuma yana ɗiga a kan faifai. Ta yaye zanena ta tarar faya ta fashe tun tuni. Ta tafa hannu ta ce Fulanin Dutse za su kashe ta da ranta.

Daga nan aka shiga rigima. Ni na durƙusa kamar yadda kowa ke yi, su suka ce sai dai in kwanta rigingine. Na ce kwanciya ta marar lafiya ce. Ba su saurare ni ba, ni ma ƙarfin gardama ya ƙare mini. Ba zan ɓoye miki ba, na ɗauka ranar ce ƙarshena, kuma na yafe miki ɗankunnen nan nawa da kika ɓatar. Yanzu da na rayu, na janye. Kafin la'asar sai na ji kuka. Ban yi ihu ko sau ɗaya ba, har Goggo ta ce ko ita ba ta fi haka ba a zamaninta.

Matsalar daga nan ta fara. Sista ta goge yarinyar ta ɗora mini ita a ƙirji tana fara'a. Goggo na tsaye a kaina. Na yi abin da ya kamata, na juya fuskata bango, na cusa hannuwana cikin zane. Goggo ta ɗauke ta. Kwana biyu ana matse dakashi, wato nonon farko, ana zubarwa kamar yadda aka saba, Goggo na ɗura mata madarar saniya da ɗan ludayi. Tun jiya ta fara kawo mini ita ta sha, amma ita ke riƙe ta, ni kuwa na lulluɓe fuska da mayafi.

Kowace safiya Sista na ɗora ta a sikeli kamar buhun gyaɗa, kuma nauyinta raguwa yake yi. Yau ta yanke hukunci wai ba na son 'yar. Rabi'atu ta yi mata bayanin kunyar ɗan fari har bakinta ya bushe. Sista ta ce ta ji, amma ta sha ganin matan da haihuwa ta taɓa musu kai suka tsani abin da suka haifa, kuma ba za ta bar uwar da ba ta taɓa kallon 'yarta ba ta yi tafiyar yini guda da jaririya ba. Ni in tafi in ina so, yarinyar ta zauna wata guda a kan madarar gwangwani.

Mota jibi Alhamis take tashi, suna kuwa Asabar, an riga an aika Dutse a nemi rago. Malam ya biyo mu Kano, amma ba a barinsa ya shigo. Kullum yana zuwa bakin shinge ya tsaya, shi ma kunyar ta kama shi, sai ya yi ta tambayar lafiyar Goggo har sau huɗu. Goggo ta ce ba za mu sayar da kunyarmu don Baturiya ba. Ta ce in bi mota in tafi wankan jego wurin Inna, a yi suna ko ba jaririya, ita ta zauna da ita a nan har a sallame su.

Indo, ga maganar da na ce ki ɓoye. Duk lokacin da Goggo ta fita alwala, jawo ɗan gadon nake yi kusa da nawa. Na ƙirga yatsunta kaf. Kunnuwan Malam ta kwaso, Allah sarki, sai dai a riƙa rufe su da ɗankwali. Ina son yarinyar nan son da ban san yana cikin jikina ba. In na tuna za a sa ni a mota in bar ta wata guda, sai in ƙara jawo gadon kusa. In na tuna idon Goggo kuma, sai in mayar da shi wurinsa. Gobe da safe za a yi awon ƙarshe, ban san abin da zan yi ba.

Ki gai da yara. Wassalam. Taki, Zulaihatu.

Dutse, 27 ga Sha'aban

Zuwa ga ƙawata Indo, gaisuwa mai tarin yawa. Na ji surukarki ce ba lafiya shi ya hana ki zuwa suna. Allah ya ba ta sauƙi. Tukunyar man shanun da kika aiko ta iso, na gode.

Mun dawo gida, kuma ba mu bar kowa a Kano ba.

Ran Laraba da safe ɗaki cike yake, kowace mace na zaune a gadonta tana jiran ta ga yadda za a ƙare. Sista ta tuɓe yarinyar ta kwantar da ita a kan ƙarfen sikeli mai sanyi, ta fara canyara kuka. A kan tebur ga gwangwanin madara an huda, ga kwalba an wanke. Goggo na tsaye a ƙafar gadona. Wallahi ban san lokacin da na miƙe ba. Sai dai na gan ni a gaban tebur, na ce wa Rabi'atu, "Ki faɗa mata 'yata ce. A ba ni abata."

Rabi'atu ba ta ma buɗe baki ba, Sista ta miƙo mini ita. Na koma gado na zauna, ba mayafi, na ba ta mama, na zuba mata ido a gaban mata goma sha ɗaya da Goggo. Ta yi shiru tana sha, hawaye na zubo mini, ni kuma ga dariya na neman ƙwace mini. Wata tsohuwa daga Gaya ta kama baki. Sista ta duba agogonta, mana, ta bar mu muka daɗe, ta sake awo, ta ce wa Rabi'atu in aka yini haka gobe mu tafi. Da na ɗaga kai Goggo ta fice.

Ba ta yi mini magana ba ranar, ba ta yi mini ba a mota. Tun daga Kano har muka hango duwatsun gida da dabinai, bakinta a rufe. Na tabbata ƙarata za ta kai wurin Baffa da Inna, kuma har in tsufa sai an riƙa nuna ni ana cewa ga marar kunyar asibiti.

Aka yi suna lafiya. An raɗa mata sunan da bakina ba zai kama ba, balle alƙalamina, amma laƙabinta Zinariya. Bayan an watse, mata suka cika ɗakin Inna suna miƙa ta daga hannu zuwa hannu, ni ina lungu fuskata a bango, don a gida ba ni da bakin da na yi a Kano. Larai matar kawuna ta ce ita za ta riƙa yini da ita a ɗakinta, a kawo ta in ta ji yunwa kawai. Kowa ya ce haka ya dace.

Sai Goggo ta gyara murya. Ta ce akwai abin da ba ta so ta faɗa ba sai taro ya tashi. Wai dokar Nasara ce, duk jaririn da aka haifa a asibiti, uwarsa ce za ta riƙe shi da hannunta, ta shayar da shi tana kallon fuskarsa, ya kwanta kusa da ita. In aka saɓa, 'yan doka za su zo daga Kano su koma da shi. Ta ce ita ma abin ya yi mata ciwo, amma yaya za a yi, ƙasa ta koma hannunsu. Mata suka yi salati, suka la'anci wannan zamani, suka yi ta ba ni haƙuri. Larai da kanta ta ɗora mini ita a cinya.

Indo, ina wurin tun ranar farko har ta ƙarshe. Ba wata doka. Rabi'atu ba ta taɓa faɗar haka ba, Goggo kuwa ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci.

Washegari tana yi mini wanka da ruwan zafi a bayan ɗaki, mu biyu kaɗai, na ce mata na gode. Ta ce in rufe mata baki. Can ta tsoma ganye a tukunya, ta yi maganar Sale, ɗanta na fari, mai dukancin nan na kasuwarku, ba tare da ta kama sunansa ba. Ta ce, "Wancan na Kiyawa ya fara furfura, har yau ban taɓa kallonsa na ƙoshi ba. Ke kalli taki." Ta kuma zabga mini ganyen a baya har na kusa yin rakin da ban yi a naƙuda ba.

Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun nan, da hannu ɗaya nake yi, ɗayan doka ta riƙe shi. Ki zo kafin azumi ya kama. In kin shigo kin tarar da ita a hannuna a gaban mutane, ki ɓata fuska ki yi mini jaje kamar yadda kowa ke yi.

Ki gai da maigida da yara, ki duba mini surukarki. Wassalam.

Ƙawarki har kullum, Zulaihatu.