Tsohon da ke Cikin Salula

Waca, ranar Laraba

Zuwa ga Muttaƙa,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da mutanen Yamai. Mu nan ruwa ya sauka, an yi shuka. Ka yi haƙuri da rubutun, na tsoho ne, kunnen kuma ka san ba ya jin magana ta wayar salula.

Shekaranjiya Faruku mai cajin salula ya sa aka ɗauko ni a kan moto mai ƙafa biyu. Na iske samari cike da rumfarsa, suna kallon wani taro da aka yi a ƙasar Turawa, inda masu ƙera wasannin bidiyo ke nuna sababbin kayansu. Gardama suke kamar za su daku. Wasu na cewa sabon akwatin wasan da aka fito da shi ba a taɓa yin irinsa ba, wasu na cewa tsohon ne aka sake wa riga don a cuci mutane. Da suka gan ni sai dariya ta ɓarke.

Faruku ya kara mini salula a fuska. Na ga wani tsoho na zane, zaune gindin darbejiya yana dara. Jar hulata ce a kansa, har da gefen da ɓera ya ci. Ya yi irin tarina. Da ya ci sai ya bugi cinya ya ce, "Tashi ka kira babanka." Duk ƙasar Magariya ba mai faɗin wannan sai ni. Daga ƙarshe kuma aka cinye shi tas. A ƙasan hoton na karanta sunanka.

Tun da abokina Ari ya rasu, ba wanda ya zauna dara da ni sai kai. Bara da kake ta zuwa, har na yi wa Ƙande, matar ƙanena da ke kawo mini tuwo, alfahari da kai. Yanzu na tuna kullum salularka tana jingine da buta, idonta yana kallona. Ka ce a nan ne kawai take samun rezo, wato layin kira.

Ka faɗa mini: wurina kake zuwa, ko wurin abin da za ka ɗauka?

Ka huta lafiya.
Kakanka, Hudu

Yamai, ranar Lahadi

Tsohona, abokin faɗana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafafun sun yi sauƙi. Direba ya kawo mini wasiƙarka. Yau kuma ni ne "Zuwa ga Muttaƙa", kamar takardar lakwal da ake koya wa 'yan makaranta? Ina "abokina" ya tafi?

Ashe har Waca an gani! Tsoho, ka yi suna. A taron nan manyan kamfanoni sun nuna wasannin yaƙi da na ƙwallo, namu ɗan lokaci kaɗan aka ba shi, amma mutane sai tambaya suke wane ne mai jar hula. Cinyewar da ka gani talla ce kawai, don masu saye su sa rai za su iya da kai.

Idan wasan ya fito zan aiko maka da salula sabuwa, yana ciki. Duk sa'ad da kake son dara sai ka danna, ba sai ka jira kowa ba.

A gaida Inna Ƙande.
Jikanka da ya fi ka kyau, Muttaƙa

Waca, ranar Alhamis

Zuwa ga Muttaƙa,

Bayan gaisuwa. Shekaru na yi ina mushen lakwal, ina koyar da yara a aji, na san ɗalibin da ya cika takarda don kada ya ba da amsa.

Kada ka aiko da salula. So kake in zauna ni kaɗai ina dara da kaina, in ci kaina, in ce wa kaina in kira babana? Na gane dabarar. Ka samu kakan da yake shiga aljihu, wanda ba sai an kwana a hanyar Damagaram kafin a gan shi ba. Ni kuma a ba ni jikan da ake dannawa.

Yanzu in na fito masallaci, daga bayan katanga ake yi mini tari. Jiya wata mai tallan gyaɗa ta ce in tashi in kira babana, mutumin da ya rasu tun ba a haifi uwarta ba. Ƙande ta ce in nemi rabona, wai akwai arziki a ciki. Ba wannan na tambaye ka ba.

Abin da na lura shi ne, tun kaka ƙafarka ta ɗauke. Na ɗauka aiki ne ya riƙe ka. Ashe aikin ne ya ƙare.

Allah ya kiyaye ka.
Hudu

Yamai, ranar Talata

Kaka,

Ina gaishe ka da ladabi. Wannan karon ba wasa.

Zuwan farko don aiki na yi shi. Maganar rezo ƙarya ce, ɗaukar hotonka da muryarka nake yi, ban tambaye ka ba don na san za ka ƙi. Ka yafe mini.

Amma abin da wasan ke buƙata na same shi tun kafin damina ta yi nisa. Sauran zuwan ba wanda ya aike ni. Ranar da ka so ka kwaikwaya mini dariyar Ari ka kasa, ka ce muryarsa ta fara ɓace maka, ranar na ji tsoro. Shi ya sa ban daina jingina salular ba. Waɗannan hotunan ba su shiga wasa ba, nawa ne ni kaɗai. Rashin zuwana kuwa kunya ce, tun da aka gama zanen na kasa haɗa ido da kai.

Na cikin salular bai ishe ni ba. Ba ya cinye mini goro, ba ya kuma gusar da tsinken dara in na juya shan ruwa.

In ka ce a cire shi, zan cire hula da tari da maganar duka, ko abokan aikina za su yi fushi. Ranar Juma'a ta sama ina tafe, ka faɗa mini baki da baki.

Jikanka, Muttaƙa

Waca, ranar Laraba

Abokina,

Lafiya lau. Ban taɓa gusar da tsinken kowa ba, ka iya bakinka.

Na sa an share gindin darbejiya, ramukan kuma da hannuna na haƙa. Ƙande za ta tsaya a ƙofa ta lalube aljihunka, buta ma na kai ta ɗaki.

Maganar tsohonka na cikin salula, dara za ta raba mu. In ka ci ni, naka ne, ka sayar wa Turawa. In na ci ka, sai ka dawo wata mai zuwa ka sake gwadawa.

Ka taho da goro. Allah ya kawo ka lafiya.
Hudu