Shaidar Baba a Jikin Katako

Inna, gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafarki, yaya su Batul? Ruwan kogin Nilu ya janye daga dajin bagaruwa an shiga sara, ko har yanzu injin tsaga katakon garinmu a rufe yake?

Ni lafiya lau, inuwa ce dai babu a hamadar nan. Tsofaffin katakan layin dogo muke cirewa, ana sa na siminti. Jiya na ɗago ɗaya, sai ga shaidar marigayi Baba a jikinsa, saran nan mai kamar sawun zabo da yake yi wa katakon da ya tsaga. Na roƙi shugabanmu ya bar mini shi. Ya ce, "Kai Dafa'alla, itacen wuta kake wa hawaye?"

Da shi aka dafa mana shayi. Inna, yunwa nake ji, na sha.

Ki sa mini albarka.

Ɗanki,
Dafa'alla