Takardar Sunaye Ta Dawo Hannuna

Zuwa ga aminina Bulus, a Jos.

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Saratu da jikoki. Na san kunnenka ya daina jituwa da waya, shi ya sa na koma rubutu irin na zamaninmu. Zan sa wasiƙar a zauren tsofaffin ɗalibai, 'yarka Rifkatu ta karanta maka da ƙarfi. 'Yan zaure kuma ku karanta abinku, ba abin ɓoyo a ciki.

Ka tuna ranar da ɗalibai suka fita zanga-zanga, muna shekara ta biyu a jami'a? Kai ka hana ni fita. Ka ce ƙafata ba ta gudu, ka miƙo mini takarda da biro, ka zaunar da ni a ƙofar ɗakunan kwananmu in rubuta sunan duk wanda ya fita, in ya dawo in soke. Ka ce, "Isa, in ba a rubuta mutum ba, wa zai san ya ɓata?" Sati biyu na yi ba na yi maka magana. Daga ranar sunan Mai Rajista ya manne mini, har ya tsallako teku tare da ni.

To, saurara ka ji.

Tun da ka koma gida, matata Hajiya kuma ta rasu, ɗakin nan na Hyattsville a Amurka ya yi mini girma. Da annoba ta zo, likita ya hana ni fita saboda ƙirjina. Aka soke walimar da muke yi kowace shekara a bakin kogin Potomac. Taro ya koma cikin waya, fuskoki ƙanana kamar hoton fasfo. In na yi magana a ce ba a ji na, in na yi tari kowa ya ji. Sai na daina shiga. Ana ajiye mini cefane a bakin ƙofa a ƙwanƙwasa, kafin in iso da sandata mutum ya tafi. Ba zan ɓoye maka ba, na fara ganin amfanina ya ƙare.

Ana haka sai ga hoton nan da kai ma ka gani, na bawan Allah baƙar fata da aka danne wa wuya a titi har rai ya yi halinsa. Abinci ya gagare ni. Na tuna ranar da muka je neman haya, ni da kai, mun sha kwat da taye, matar ta dube mu ta ce an riga an kama ɗakin, ga allon neman ɗan haya a bayanta yana lilo. A hanya ka yi dariya ka ce laifin digirinmu ne da ba ya fitowa a goshi.

'Yan ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗalibai suka shirya fita macin zanga-zanga cikin Washington ranar Asabar. Na kira shugabarmu ta yanzu, Dakta Hauwa, na ce a biyo a ɗauke ni. Ta ce, "Baba, ko kuka za ka yi, ba inda za ka." Na ajiye waya na ce to, an sake yi mini irin ta Bulus.

Asabar da safe na ji ana ta hon a ƙasa. Na leƙa ta baranda. Mutanenmu ne tsaye a wurin ajiye motoci, nesa-nesa da juna, kowa da takunkumi, wasu da farar rigar asibiti, wasu da kwalaye. Injiniya Garba ya ɗaga kai ya ce, "Mai Rajista, ina takarda? Ba ma tafiya sai an rubuta mu!" Ashe labarin da kake ba su a walima don ka tsokane ni, sun riƙe shi.

Na yago bayan kalanda. Kowa ya ɗaga murya ya faɗi sunansa da shekarar da ya gama jami'a. Ladi, nas ɗin nan ta unguwar Landover, ta ƙara wa tata shekara uku don a ce yarinya ce, wurin ya kaure da ihu. Mutum goma sha tara na rubuta.

A kujerar baranda na yini. Talabijin na nuna 'yan sanda da garkuwa, ga cuta cikin taro. Da takardar a aljihu na yi azahar.

Bayan la'asar suka fara dawowa. Kowa ya tsaya ya kira sunansa, in ja layi. Sha takwas. Saura Ladi, wayarta kuma ba ta shiga. Ba wanda ya koma motarsa, Bulus. Likitoci da injiniyoyi tsaye suna kallon bakin titi, ni ina riƙe da biro.

Can sai ga ta da ƙwarya a hannu. Cajin wayar ne ya ƙare, ita kuma gida ta biya ta soya mini masa. Ta ce, "Baba, ai kai ka fi kowa aiki yau." Hauwa ta yi mata faɗa har ta gaji ta koma dariya. Aka ajiye masar a ƙofata, na ɗauko na ci a gabansu suna tafi. Sannan na soke sunanta, na kuma gyara mata shekararta.

Yanzu ba a buɗe taron waya sai na kira suna. Hauwa ta nuna mini inda ake dannawa, ana ji na sarai.

Fushin sati biyun nan na yafe maka, ko da yake na makara. Wanda ya zauna da takarda ma ya fita, sai bana na gane.

Abu ɗaya ya rage. A ƙasan kalandar na rubuta suna na ashirin: Bulus, ya fita. Ban soke ba, kuma ba zan soke ba sai na ji muryarka a ƙasan barandar nan.

Allah Ya ɗauke mana wannan cuta, Ya tsare 'ya'yanmu a titunan ƙasar nan, Ya ƙara maka lafiya, Ya sada fuskokinmu da alheri.

Naka har kullum,
Isa Mai Rajista