Jirgin Nasir da Aka Rubuta da Sunana

Shisha, Makka
Ranar Alhamis, cikin watan Rajab

Zuwa ga ƙanwata Hajiya Ramlatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da 'ya'ya da jikoki da duk wanda ke ci a tukunyarki a nan Katsina. Allah ya ƙara miki ƙarfin ido da na gwiwa, ya raba ki da kwanciyar asibiti. Ni dai yau na tashi da ɗan dama-dama, alhamdu lillahi. Ƙafafun suna nan a kumbure, kuma daga ɗaki zuwa wurin alwala sai na tsaya na dafa bango kafin numfashi ya dawo. Shi ya sa ban yi miki saƙon murya ba kamar yadda kika nema, don in na fara magana, kafin in kai inda zan je iska ta ƙare mini. Hannun kuwa, duk da rawar da yake yi, bai manta bokon da aka dasa mana da bulala a elementare ba. Maƙwabcina Malam Dauda zai ɗauki hoton takardar da wayarsa ya turo miki, sai ki sa mai ido ya karanta miki a tsanake.

Labarin gida ba shi da yawa, don gidan ma ba kowa. Tun da Allah ya karɓi matata Maryama, ni ne nan ni kaɗai da ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. 'Yata Basma tana can garin Dammam da mijinta, takan kira ranar Juma'a, ta haɗa ni da yaran su gaishe ni da Larabci, in amsa musu da Hausa, su yi dariya su gudu. Harami kuwa, ga shi kusa amma ya yi mini nisa. Mutane na sayar da gona su zo daga ƙarshen duniya su yi ɗawafi, ni da ke bayan dutse ɗaya da Ka'aba sai dai in ji kiran salla daga masallacin unguwa in yi tawa a zaune. Ban faɗi haka don ƙorafi ba, Allah ya sani. Na faɗa ne don ki san irin mutumin da aka ɗora wa maganar da zan gaya miki.

Maganar ɗana Nasir ce, wanda ke ma ɗanki ne. Kin san tun da ya bar aikin tashar jiragen ruwa ta Jidda ya sayi jirgin kamun kifi, yana fita teku da ma'aikatansa su kwana biyu su dawo. To a cikin irin wannan jirgi, ban da babban injin da ke tura shi, akwai janareto mai shan man dizal. Kada ki ɗauka irin naku ne na gida, wanda in ya mutu sai a kunna fitila a ci gaba da hira. Wannan shi ke riƙe da ɗakin ƙanƙarar da ake zuba kifi, shi ke cika batura, shi ke juya famfon da ke zuƙe ruwan da ke tsattsafowa cikin jirgi, da wutarsa kuma suke kiran gaɓa idan wani abu ya faru. In ya tsaya a tsakiyar teku, komai ya tsaya. Nasir bai yi ƙwauron hannu ba da zai saya. Sabo fil ya ɗauko daga wani kamfani na ƙasar waje mai ofis a Jidda, suka ba shi takardar garanti, suka ce ko tari injin ya yi ya kira su.

A nan ne abin ya shafe ni. Kin san al'adar mutanenmu a nan, wadda muka taras tun zamanin su Baba: ɗa ba ya rubuta sunansa a kan babban abu uba na raye. Gida ne, shago ne, mota ce, sunan dattijo ake sawa, don neman albarka, kuma don kada a ce yaro ya fi ƙarfin gidansu. Ranar da Nasir ya zo da takardun na ce masa zamani ya sauya, ya sa sunansa. Ya sunkuya ya sumbaci kaina, ya ce wallahi ko ƙusa ɗaya ta jirgin ba za ta amsa sunan kowa ba sai na Abuya, wato babana da Larabci, yadda yake kirana. Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi a ranar. Har Dauda na kira ya zo ya ga sunana a kan jirgin da ban taɓa takawa ba. Jirgi da janareto da garanti, duk Hashimu aka rubuta.

Jirgin bai daɗe a ruwa ba janareton ya fara halinsa. Yana cikin aiki lafiya lau sai ya ɗauke ɗif, ba hayaƙi, ba wani ƙara da zai gargaɗi mutum. A bar shi ya huce, ya tashi kamar ba shi ba, gobe ya sake. Kamun farko da ya ruɓe musu, da hannunsu suka mayar da shi teku. Makanikan bakin tasha, waɗanda suka tsufa a cikin dizal, sun dudduba, suka ce ciwon ba a ƙarfe yake ba. Yana cikin wani ɗan akwati ne da ke ba injin umarni, an rufe shi an buga masa hatimi, ba ya magana da kowa sai kwamfutar kamfanin. Ɗaya daga cikinsu ya gaya wa Nasir cewa injin da can in ya yi rashin lafiya kuka yake ka san inda ke masa ciwo, wannan kuwa munafuki ne, da murmushi yake mutuwa. Aka kira kamfani. Wayar tasu muryar mace ce ta na'ura ke amsawa, ba mutum ba, ta yi ta cewa a danna kaza a jira. Da aka samu mutum, ya ce man da ake zubawa ne ba shi da kyau. Aka sauya mai. Ya ce gishirin teku ne. Nasir ya tambaye shi, injin da aka ƙera don teku, a ina suka so a ajiye shi, a kan dutsen Arfa? Daga baya suka aiko da wani ƙarfe daga ƙasarsu bayan jira mai tsawo, aka buɗe kwali aka ga na wani injin ne daban.

Abin da ya faru a watan jiya ba daga bakin Nasir na ji ba, matarsa Asma ce ta gaya mini tana kuka, ta ce in rufa mata asiri. Suna can nesa da gaɓa da rana tsaka, sun kashe babban injin suna jan raga, janareton ya ɗauke. Kafin su ankara batura sun zube, babban injin ya ƙi tashi, iska kuma ta taso. Ruwa ya fara taruwa a cikin jirgi, famfo shiru, na'urar kira shiru. Da bokitai da tukwanen girkinsu suka yi ta kwarfar ruwa har hannuwansu suka fashe, sai Allah ya kawo wani jirgi ya ja su. Da Nasir ya zo gaishe ni na ga tafin hannunsa, ya ce igiya ce ta goge shi. Na kalle shi, ya kalli ƙasa. Na sauya magana, don kada in tona wa yarinyar asiri.

Bayan wannan ne kamfanin ya yarda zai sauya akwatin. Amma suka ce ƙa'idarsu ita ce mai suna a garanti ya sa hannu a gaban wakilinsu, ido da ido, shi kuma Nasir a wurinsu ba kowa ba ne. Injiniyansu da ke da ikon wannan aiki ba Musulmi ba ne, kin kuwa san ba zai shigo Makka ba. Aka shirya mu haɗu a Shumaisi, wajen iyakar Harami a hanyar Jidda. Dauda ya nemo tasi, aka tallabe ni aka sa a baya. Muka tsaya a gefen titi, motoci na wucewa, rana na dukan rufin mota, tun hantsi har azahar ta gota. Da aka samu injiniyan a waya sai ya ce ai an tura shi Yanbu tun jiya, ya ɗauka an sanar da mu. A hanyar dawowa ban san inda kaina yake ba, a asibiti na farka. Likita ya yi wa Nasir faɗa sosai, ya ce in an sake fita da ni a mota irin wannan tafiya, a tafi da likkafani.

Mun gwada wakala, wato in wakilta shi a hukumance ya tsaya a madadina. Aka zo da na'urar ɗaukar zanen yatsa har gida. Aka danna babban yatsa, aka shafa mai, aka goge, aka gwada sauran ɗaya bayan ɗaya, na'ura ta ce ba ta ga kowa ba. Tsufa ya share zanen. Mai aikin ya yi ta ba ni haƙuri yana ya ammi, ya ammi, wato baffana, ya ce akwai wata hanya amma sai an rubuta an jira. Na ce wa Nasir to a mayar da komai da sunansa a huta. Kamfani suka ce in suna ya sauya garanti ya faɗi. Shi kuma ya ce ko bai faɗi ba, ba zai cire sunana ina numfashi ba, don kada a zauna a majalisar Hausawan Makka a ce Nasir ya ci gadon ubansa da rai. Ramlatu, wani lokaci in na idar da salla nakan zauna in ga cewa duk duniya ba abin da ya tsaya tsakanin yaron nan da lafiyayyen inji sai wannan ɗan numfashin da nake ja da ƙyar. Sai in yi istigfari, don na san ba kyakkyawan tunani ba ne. Amma yana dawowa.

Yanzu ga inda muke. Lokacin kifi ya kama, kuma ba ya jiran kowa. Ma'aikatansa masu iyali ne, sun gaji da zama a bakin tasha suna kallon jiragen wasu na fita, har sun fara cewa za su koma wurin wani. Nasir ya ce jibi Asabar zai fita, ko an gyara ko ba a gyara ba. Ya ce ya sayi ƙarin batura, ya ce ba za su yi nisa ba, ya ce rai a hannun Allah yake. Na ce masa na sani, tun kafin a haife shi na sani, amma wanda ya ba shi ran bai ce ya kai shi inda famfo ba ya aiki ba. Ya yi dariya ya ce Abuya ya zama injiniya. Kamfanin dai sun yi alkawarin yau za su turo wani ma'aikacinsu Musulmi, wai shi Sami, ya zo har gida da takardar in sa hannu. Sun ce in ya koma da ita yau, akwatin yana nan a ajiye, za a ɗaura kafin Asabar. Tun da safe na sa Dauda ya taimaka mini na sa farar riga, aka jawo kujerata kusa da ƙofa don kada ya ƙwanƙwasa ban ji ba. A nan nake rubuta miki, takarda a kan gwiwa.

Abin da nake roƙonki shi ne ki kira shi. Ni ya daina jin maganata a kan wannan, yana ganin tsoron tsufa ne. Ke kuwa gwaggonsa ce, kin goya shi shekarar da kika zo aikin Hajji, har yau in an ambaci sunanki yakan gyara zama. Kada ki ce Asma ta faɗi komai. Ki ce masa kawai ke kin hana, ya bar jirgin a ɗaure har a gyara, ko da ma'aikatan za su watse. Ban ce zai ji ba. Na san jinin gidanmu, kin san shi, in mun kafe ba mai tanƙwara mu. Amma ba na so a ce akwai ƙofar da ban buga ba. In kuma ya ƙi, to ki tara yaran gidanki su yi masa addu'a, ki sa a faɗa a masallacin unguwarku ranar Juma'a.

Ki gaishe mini da Mahadi da iyalinsa, ki ce na ji labarin ƙaruwar da aka samu, Allah ya raya. Ki gaishe da Hajara, ki ce mata yajin da ta aiko ya iso, ko da yake likita ya hana ni, nakan buɗe in shaƙi ƙamshin gida. Ki gaishe da duk wanda ya rage cikin waɗanda suka san ni, in akwai. Abin da na yi miki ba daidai ba tun muna yara har yau ki yafe mini, ni ma na yafe miki. Allah ya sada mu da alheri, a nan ko a can.

Ni ne yayanki,
Hashimu

Ƙari: Na riƙe takardar ban ba Dauda ba, don in rufe ta da labari mai daɗi. An yi la'asar, an yi magariba. Dauda ya kira ofishinsu, aka ce sun tashi, ba za su buɗe ba sai Lahadi. Asma ta bugo ta ce Nasir yana bakin tasha ana loda ƙanƙara. Mutumin bai zo ba.